Alhaji da Bindigar Napoliyon

Alhaji: Maƙeri, wanke hannunka kafin ka taɓa. Wannan ta Napoliyon ce.

Maƙeri: Wane Napoliyon ɗin, ranka ya daɗe?

Alhaji: Su nawa ne? Na Faransa mana! Ba ka hawa Facebook ne? A 2024 aka yi gwanjon guda biyu nasa, Yuro miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da casa'in. Wannan ƙanwarsu ce.

Dillali: Autarsu ma, Alhaji.

(Shi dai dillalin nan ko tsohon silifa ka miƙa masa zai rantse da shi Bayajidda ya shigo Daura.)

Maƙeri: To, ai mai ƙanƙara aikinta a fili yake, ka ja kunama, ƙanƙara ta daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi, dam! Kamar ƙyastun kakanninmu. Amma wannan da aka maƙale a nan fasasshen tayil ne.

Alhaji: Tayil ɗin fadarsa.

Maƙeri: Adon nan kuma? Azurfa in ta tsufa baƙi take yi, ita kuwa wannan sai walwali.

Alhaji: Yaro na sa ya dirje ta da toka da lemon tsami, kwana biyu yana abu ɗaya.

Maƙeri: Innalillahi! Da ta gaske ce da ka kankare rabin kuɗinta, masu tara irin waɗannan tsufan suke saye. Allah ya taimake ka gwangwanin madara ce. Ga ma ƙafar saniyar ta fito.

Alhaji: Dokinsa ne.

Maƙeri: Da hantsa?

Alhaji: Goɗiya ce! Kai wai malaminka bai koya maka ladabi ba?

Dillali: Hassada ce Alhaji. Ko ɗan sandan da ya tsare mu a hanya sai da ya sara mata. Na ce masa kayan tarihi ce, ya ce tarihi ma ba ya wucewa sai da na goro.

Maƙeri: Dubi sukurun nan mai kan kuros. Sai bayan 1930 aka fara irinsa, mutuminka kuwa ya mutu tun 1821.

Alhaji: Mutum ne mai hangen nesa.

Maƙeri: Kuma Turawa ba sa sakin bindiga sai sun gwada bututun sun buga masa hatimi. Bari in duba... a'a! Wannan ai bututun sitiyarin Fijo 504 ne.

Alhaji ya yi tsit, ya gyara malum-malum, sannan a hankali ya fara murmushi, irin na wanda ya ci shari'a.

Alhaji: Fijo ta wace ƙasa ce?

Maƙeri: Faransa, amma ai a Kaduna ake haɗa...

Alhaji: Allahu Akbar! Da bakinka ka faɗa! Dillali kai shaida ne.

Maƙeri: Ranka ya daɗe, na ma gane ta. Ni na ƙera ta bara, dubu takwas, kuma har yau ina bin wancan dubu uku.

Dillali: Kamar na ji ana kiran la'asar.

Maƙeri: Sha ɗaya na safe?

Alhaji: Ƙyale shi. Matso nan, yi ƙasa da murya. Wato kai ne kake yi wa Napoliyon aiki shi ne ka ɓoye min? Nawa za ka yi min takobinsa?