Hannun da Ke Riga Harshe Bayan Sallama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwana matasa, akwai abin da nake gani a sahun sallah wanda ya daɗe yana damuna, kuma ban cire kaina daga cikin masu yin sa ba. Da zarar liman ya yi sallama, kafin harshe ya kai ga istigfari uku, hannu ya riga ya shiga aljihu, kai ya sunkuya, hasken waya ya haske goshin da yanzun nan ya bar ƙasa. Ba wanda ya kira, ba kuma saƙon gaggawa ake jira ba, sabo ne kawai ya yi wa zuciya katutu.

Wannan kamu ba haka siddan ya zo ba, shirya shi aka yi. Aza Raskin, wanda a shekarar 2006 ya ƙirƙiro tsarin nan da shafi ba ya ƙarewa komai jan da yatsa ya yi masa, daga baya ya fito ya bayyana nadamarsa. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya amsa da bakinsa a 2017 cewa tun farko tunaninsu shi ne yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa iya iyawa. Ai kuwa kuɗin talla yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar idonka a kan allon. Har ta kai a ƙarshen 2024 majalisar Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafafen sada zumunta.

To, mu yi lissafi tsakaninmu da Allah. Wanda yake ba waya sa'a 3 kullum, a shekara ya ba ta sa'a 1,095, wato fiye da kwana 45 dare da rana, kuma da yawanmu mun san sa'a 3 kaɗan ce a kan abin da muke yi. Shi ne kuma zai ce bai samu lokacin karanta shafi ɗaya na Alƙur'ani ba, ko na zama ya saurari mahaifiyarsa ba tare da ido yana kan allo ba. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke tafka asara a cikinsu, su ne lafiya da sararin lokaci, kuma matashi ne ya fi kowa haɗa su biyun.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne dare, lokacin da aka kashe fitila aka ja bargo, babu mai gani sai Allah. A hadisin Sauban da Ibn Majah ya ruwaito, an ba da labarin mutanen da za su zo ranar ƙiyama da ayyukan alheri kamar duwatsun Tihama da ke ƙasar Larabawa, Allah Ya mayar da su ƙura, saboda idan sun keɓe da abin da Ya haramta sai su afka masa. Goge tarihin bincike ba ya goge abin da mala'iku suka rubuta, kuma aya ta 36 a Suratul Isra'i ta faɗa ƙarara cewa ji da gani da zuciya duk za a yi tambaya a kansu.

Sai kuma tura labarin da ba a tantance ba. A mafarkin Annabi (SAW) da Samura bin Jundub ya ruwaito, an nuna masa mutumin da ake tsaga muƙamuƙinsa har ƙeya, aka ce masa wannan shi ne wanda yake fita daga gidansa da safe ya yi ƙarya guda ta game duniya. A wancan zamani sai ayari ya yi tafiyar watanni kafin magana ta kai nesa haka, amma yau mutum yana kwance a kan gado, bai ko wanke fuska ba, ya danna sau ɗaya ta isa.