Canjaras ɗin da ya fi nasara daɗin kallo

Duk wanda ya fara koyon darar chess a wayarsa, ba ya daɗewa sai an nuna masa wasan da Adolf Anderssen ya ci Lionel Kieseritzky a Landan a 1851, a ce masa wai ƙarshen gwaninta ke nan. Ni dai ban yarda ba. Wasan da na fi ganin girmansa a wancan zamanin, babu ma wanda ya ci shi, canjaras aka tashi.

Bari mu fara ba Anderssen haƙƙinsa. Ya ba da bishop ɗaya (kayan wasan da ke tafiya a karkace), ya ba da hasumiyoyinsa biyu, a taku na 22 ya miƙa sarauniya, sannan ya ritsa sarkin abokin karawarsa a taku na 23 da dawakai biyu da bishop ɗin da ya rage masa. Abin da ya ci na Kieseritzky gaba ɗaya dakaru uku ne. Da kyau, babu musu. Amma ku dubi allon a lokacin da aka gama: hasumiyoyin Kieseritzky biyu da bishop ɗinsa ɗaya suna nan inda aka jera su tun farko, ko motsawa ba su yi ba. Tun da aka fara yake yawo da sarauniya, duk abin da aka ajiye masa sai ya haɗiye. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Daga baya Wilhelm Steinitz, zakaran chess na duniya na farko, ya nuna cewa a taku na 18 akwai hanyar kariya da ta fi wadda Kieseritzky ya bi. Mutum ɗaya ne ke gani a wannan wasan, ɗayan kuwa binsa kawai yake yi, kuma wasan nishaɗi ne suka yi a gefe, ba ya cikin gasar da ta tara su a Landan.

To ga wanda nake nufi. A birnin Viyana, 1872, Carl Hamppe yana da farare, Philipp Meitner yana da baƙaƙe. Meitner lauya ne, kuma shi ne mahaifin Lise Meitner, masaniyar kimiyyar nan da ta yi aiki a kan tsagewar ƙwayar zarra. Mai allo a kusa ya jera, don abin sai an gani da ido.

Hamppe ya kai dokinsa gefen allo, gidan a4 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa), a taku na 3, yana neman korar bishop ɗin da ke c5. Meitner bai ja da baya ba, sai ya faɗa da bishop ɗin kan f2, ya ba da shi don ya fito da farin sarki fili. Daga nan sarauniya ta shiga korarsa. Sarkin ya bar gidansa na e1 ya bi f2, e3, d3, c3, har b3, yana neman inda zai laɓe. A taku na 9 Hamppe ya tura dakare zuwa a3 don ya buɗe wa sarkinsa ɗaki a a2. Da ya shiga, shi ke nan, ya tsira da ribar bishop. Meitner ya ga haka, sai ya ɗauki sarauniyarsa sukutum ya cinye dokin da ke a4, a gaban sarki. Sarki ya cinye ta. Meitner ya kawo doki c5, ya turo dakare a5, sarki ya cinye dokin ma. Yanzu farin sarki yana c5, tsakiyar garin maƙiya, rundunarsa kuwa tana can gida ba ta san abin da ake ciki ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba wannan wasa da na Landan. Meitner, da ba shi da sarauniya, bai ma kai wa sarki hari ba a taku na 12. Dokinsa na biyu kawai ya ɗaga zuwa e7, a natse, ya toshe ƙofofi. Hamppe ya kai hari da bishop a b5, baƙin sarki ya goce zuwa d8, sai ga shi dakare ɗaya zai taka b6 a gama da farin sarki, domin bishop ɗin Hamppe da kansa ya tsaye masa a hanyar gudu. Mai kwaɗayi a nan zai mutu. Hamppe kuwa ya fahimci lokacin mayar da kaya ya yi, ya tura bishop ɗin c6, inda za a iya cinye shi ta hanya biyu, don kawai ya samu gidan b5. Wannan taku na 14 shi ne ya fi burge ni a duk wasan, fiye da ba da sarauniyar. Mai kai hari yana da zafin jini da ke tura shi. Wanda aka kora tun daga taku na 4 kuma har yanzu kansa na aiki, shi ne abin a jinjina wa.

Ƙarshen ma tarko ne a kan tarko. Dakare ya taka b6, farin sarki ya gudu b5, doki ya cinye bishop ɗin da ke c6, sarki ya cinye dokin ya isa c6, sai Meitner ya miƙa masa bishop ɗinsa na ƙarshe a b7. In ya ci, baƙin sarki ya matsa d7, hasumiyar h8 ta zo b8, an gama. Farin sarki ya ƙi ci, ya koma b5. Bishop ya bi shi a6. In ya gudu a4, bishop ya zauna c4, dakare ya taka b5, an gama. Saboda haka dole ya koma c6, bishop ya koma b7. Meitner ma ba shi da halin sauya hanya, don kayan da ya zubar sun yi yawa, ya sassauta sau ɗaya ya hallaka. A taku na 18 aka tashi. Kamar dambe ne da aka yi turmi uku ana zuba kwab ɗaya, kowa ya ji a jikinsa, aka raba babu kisa. Ba wanda zai ce bai ga dambe ba.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: an sa wa kwamfuta wasan, ta nuna kurakurai a ɓangarorin biyu. Haka ne. Kai dokin a4 tun farko ba dabara ba ce mai ƙarfi, kuma masu nazari sun daɗe suna gardama a kan inda ya kamata farin sarki ya bi. Sai dai in da ma'aunin ke nan, wasan Anderssen ma ba zai tsira ba. Tambayar da nake yi wa kowane tsohon wasa ita ce, mutum nawa ne ke tunani a kan allon?

Abin da ya ɓata wa canjaras suna daban ne. Shi ne irin wanda manyan 'yan wasa biyu za su zauna, su yi taku goma sha biyar da kowa ya haddace, su miƙa wa juna hannu su tafi masauki. Wannan cin amanar 'yan kallo ne. Shi ya sa a gasar Sofiya ta Bulgeriya a 2005 aka hana ɗan wasa ya yi wa abokin karawarsa tayin canjaras kai tsaye. Amma dokar ba ta taɓa wanda allo ya tilasta ba, kamar hari marar yankewa a kan sarki ko maimaituwar matsayi ɗaya sau uku. Masu shirya gasar ma sun san ba abu ɗaya ba ne. Wasan Bobby Fischer da Mikhail Tal a Leipzig a 1960 taku 21 ne kacal, Fischer yana ɗan shekara 17, Tal yana riƙe da kambun duniya, kuma da hari marar yankewa Tal ya rufe shi bayan an yi ta musayar wuta. Gajere ne, amma ba wanda ya huta a cikinsa.

Akwai kuma nau'in da wasu ke kira zamba, ni kuwa ina kare shi. A gasar zakarun Amurka ta 1963 zuwa 1964 a New York, Larry Evans ya shiga uku a hannun Samuel Reshevsky: an fi shi da doki, sarkinsa na lungu. Maimakon ya sallama, sai ya tura dakarensa zuwa h4, ya bar na g3 a sake kamar wanda ya rikice. Reshevsky, tsohon hannu da ya fara ba duniya mamaki tun yana yaro ƙarami, ya sa sarauniya ya cinye. Nan take Evans ya jefar da tasa sarauniyar a g8, sarki ya ci, ya bi da hasumiya a g7. In aka cinye hasumiyar, da sarki ko da sarauniya, Evans ba shi da sauran abin da zai iya motsawa alhali ba a kai wa sarkinsa hari ba, dokar wasa kuma ta ce wannan canjaras ne. In aka ƙi ci, hasumiyar za ta yi ta bin sarki tana kai masa hari ba iyaka.

Masu cewa Evans bai cancanci rabin makin da canjaras ke bayarwa ba, ku gaya mini laifinsa. Ya lissafa cewa dakarunsa duk sun toshe, ya lura sarauniyar abokin karawarsa ce za ta rufe wa sarkinsa sauran gidajen in ta zo g3, ya shirya yadda zai rabu da manyan kayansa biyu a taku biyu. Lissafin da ake yaba wa Anderssen ke nan, sai dai shi Evans ya yi nasa ne wuƙa na wuyansa. Reshevsky yana da hanyar cin wasan a hannunsa, ya miƙa hannu ya ɗauki dakare. A wannan gasar Fischer ya ci wasanninsa 11 duka, Evans ne ya zo na biyu.