Kafin jami'a ta sayi sola, ta sa ɗalibi ya karanta mita

Tun a 1990 shugabannin wasu jami'o'i suka taru a garin Talloires na Faransa suka sa hannu kan alƙawari mai matakai 10 na kare muhalli, daga baya ɗaruruwan jami'o'i suka bi sahu. Alƙawari kam an yi. Amma da zarar an zo batun aiki, amsar da ake ji daga ofishin kuɗi guda ce: kasafin bana bai kai ba.

Ni ban yarda rashin kuɗi ne babban cikas a matakin farko ba. Yawancin asarar wuta da ruwa da ake yi a harabar jami'a, abin da ta fara buƙata shi ne wanda zai zagaya ya gani, ya ƙirga, ya rubuta. Kuma babu ma'aikatar da ta kai jami'a yawan masu iya wannan aiki. Kowace shekara ɗalibai na yawo da takarda ofis-ofis suna neman wurin sanin makamar aiki, wasu su ƙare da zaman banza a kan benci har wa'adin ya cika, alhali ga aiki na gaske a ginin da suke ɗaukar darasi.

A duba famfo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa na zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. Famfo nawa ne ke ɗiga a ɗakunan kwanan ɗalibai? Mai gyara ba zai sani ba sai an kira shi, shi kuma shugaban makaranta ba ya shiga can. Ɗalibi ɗaya da littafi da biro zai iya kawo amsar cikin makonni. Haka ƙwan lantarki: na LED yana rage cin wuta da aƙalla kashi 75 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon ƙwai mai zare, amma sai an san guda nawa ne, a wane gini, da awa nawa suke kwana a kunne kafin a san inda ya kamata a fara canzawa. A ɗakunan gwaje-gwaje kuwa, firiza mai tsananin sanyi guda ɗaya na iya shan wutar da ta kai ta gida sukutum, kuma ɗakunan bincike da dama sun ɗaga ma'auninta daga digiri 80 ƙasa da sifili zuwa 70 ƙasa da sifili, sun rage wuta ba tare da sayen komai ba. Wannan shawara ta masu binciken ce, amma ɗalibi ne zai iya tattaro musu jerin firizojin da abin da ke cikinsu.

Jami'ar British Columbia da ke Kanada ta daɗe tana gudanar da wani shiri mai suna SEEDS. Ma'aikatan da ke kula da gine-gine ko shara ko abinci su ne ke kawo matsalar, malami ya sa ido, ɗalibi ya yi binciken ya sami maki, sannan a ajiye rahoton inda kowa zai iya karantawa. Abin da ya fi burge ni shi ne daga hannun ma'aikata tambayar ke fitowa. Idan ɗalibi ya ƙirƙiro wa kansa aiki ba da sanin sashen gyare-gyare ba, rahotonsa a durowa zai tsufa.

Masu suka suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Ɗalibi baƙo ne, zango ɗaya ko biyu ya tafi da abin da ya sani. Maganin wannan shi ne a naɗa ma'aikaci na dindindin guda ɗaya da zai riƙe aikin, kuma kada a sa wa ɗalibi hannu a takardar kammalawa sai ya miƙa alƙalumansa cikin tsarin da na bayansa zai ɗora a kai.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta haƙƙi. Bai halatta jami'a ta fake da horarwa ta mayar da ɗalibai ma'aikatan kyauta ba. Horon da babu alawus a cikinsa, ɗan mai hali ne kaɗai ke iya jure shi, wanda ke neman na ci da na makaranta kuwa an rufe masa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ina kuɗin zai fito? Jami'ar Harvard tana da asusu na miliyoyin daloli da ke ba sassanta rance don ayyukan rage cin wuta da ruwa, su biya daga rarar da suka samu a kuɗin wuta, a sake ba wasu. Ƙaramar jami'a ba ta da miliyoyi, amma tsarin bai dogara da girman asusu ba. A ware kaso daga rarar gyaran farko, a rubuta a takarda cewa na alawus ɗin ɗalibai ne, kada ya narke cikin babban asusu.

Sharaɗin duk wannan shi ne a iya nuna rarar da alƙalami. Jami'o'i da yawa mita ɗaya ke auna musu wutar gine-gine masu yawa, don haka ba wanda ya san ginin da ya fi sha. In akwai ɗan kuɗin da za a kashe a shekarar farko, a sa wa manyan gine-gine biyu ko uku mitarsu daban, a ba ɗalibin farko aikin karanta su safe da yamma, har da ranakun hutu lokacin da azuzuwa ke rufe.