Tetris bai taɓa neman ko sisina ba

Jiya ina kwashe kayan wata tsohuwar akwati na ci karo da 'yar na'urar gem ɗin nan mai batir biyu da muke rububi muna yara. Na sa mata batir, sai ga tubala suna gangarowa. Wallahi har aka kira la'asar ban ɗago kai ba.

Wasan nan Tetris ne. Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, zamanin Tarayyar Sobiyat, a kan kwamfutar Electronika 60 wadda ko hoto ba ta iya nunawa, sai da alamomin rubutu ya zana tubalan. Siffofi 7 ne kacal, kowace da murabba'i 4. Kamfanin Nintendo ya ɗora shi a na'urarsa ta gem ta hannu, Game Boy, a 1989, duniya ta ɗauka, amma bawan Allahn nan bai fara cin gajiyar guminsa ba sai 1996.

Abin da ke riƙe ni shi ne gaskiyar wasan. In ka jera layi ya cika, sai ya ɓace. In ka bar rami, yana nan yana kallonka, kana ta gini a kansa har ka kai rufi. Ba abokin karawa ballantana ka ce an yi maka maguɗi. Kai ne da hannunka. Kuma daɗin da ake ji in layi huɗu suka zube lokaci guda irin na wanda ya share tsakar gida ne ya tsaya yana kallo.

Daga baya aka shiga yayin jera uku, irin Bejeweled a 2001 da Candy Crush Saga a 2012. Duk wanda ya taɓa zama gindin dara ya san daɗin jera uku, don haka ban ga laifin masu sonsu ba. Inda nake da ja shi ne tsarin rai biyar na Candy Crush: in sun ƙare, ko ka jira rabin awa a ba ka ɗaya, ko ka biya. Ni a ganina wasan da ke hana ka ci gaba don ka taɓa aljihu ciniki ne kawai. A 2016 an sayi kamfanin King, mai Candy Crush, kan dala biliyan 5.9.

Na'urar yanzu tana hannun ɗana. Ya bar rami a gefen dama, yana jiran dogon tubalin nan ya sauko.