Tseren Oxford da Cambridge a Idon Wanda Ya San Matan Fada

Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Thames a Landan domin kallon tseren kwale-kwale tsakanin jami'ar Oxford da ta Cambridge, abin da idonsa zai gani da ƙyar yake kai minti guda. Jiragen biyu sukan tashi daga Putney su nufi Mortlake, tazarar kilomita 6.8, a lokacin da ruwan teku yake turowa cikin kogin, kuma kafin ɗan kallo ya gama bambance masu shuɗi mai duhu, wato Oxford, da masu shuɗi mai haske, wato Cambridge, sun riga sun sha kwana. Sauran sai a bi a majigin da ake kafawa a filayen gefen kogi. Duk da haka dubun dubatar mutane suke fitowa cikin sanyin ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, su yi dafifi a kusa da gadar Hammersmith tun da hantsi.

A ganina, idan batun ƙayatarwa ake yi, kabancin Argungu, wato wasannin ruwa na bikin kamun kifi, ya fi wannan nesa ba kusa ba. A kogin Matan Fada na Argungu ɗan kallo yana ganin tseren kwale-kwale, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, ga kiɗa yana tashi, kuma waɗanda suke cikin ruwan masunta ne da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni. A Landan kuwa ɗalibai takwas ne a kowane jirgi, suna zaune sun bai wa inda suka dosa baya, sai mutum na tara mai riƙe da akala wanda shi kaɗai yake ganin gaba, yana yi musu ihun umarni. Akwai gwaninta a yadda filafilai takwas suke shiga ruwa su fita tamkar hannu ɗaya, amma sai wanda ya san harkar yake jin daɗinta sosai.

Abin da ya tara wannan jama'a shi ne ɗorewa da ajiye tarihi. An fara tseren a 1829 a Henley, ya zama na shekara-shekara daga 1856, kuma ban da yaƙe-yaƙen duniya biyu da annobar korona a 2020, bai taɓa fashi ba. Ko a 2021 ba a soke shi ba, sai aka mayar da shi garin Ely. Har yanzu da tsabar zinariya ta 1829 ake jefa ƙuri'ar zaɓen gefen kogi. Ana iya gaya maka cewa an yi kunnen doki a 1877, jiragen biyu sun nutse a 1912, Cambridge ta kafa tarihin minti 16 da daƙiƙa 19 a 1998, kuma sai a 2015 aka fara gudanar da tseren mata a hanyar Putney zuwa Mortlake a rana ɗaya da na maza.

Bikin Argungu ya samo asali tun 1934, hukumar UNESCO ta amince da shi a 2016, amma ya shafe kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Matsalar tsaro dalili ce ta gaskiya, ba na musun haka. Sai dai rubuta sunan wanda ya lashe tseren kwale-kwale kowace shekara, da lokacin da ya ɗauka, da garin da ya fito, aiki ne da masarauta ko wata jami'a ta jihar Kebbi za ta iya yi da littafi guda da agogo.