Jemage, kamu da dala: amsa ga masu cewa Littafi Mai Tsarki yana tufka da warwara

Ɗan ƙanwata ya dawo hutu daga jami'a a Ngaundere. Muna zaune a tsakar gida nan Garwa bayan tuwon dare, zafi ya hana kowa shiga ɗaki, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba wannan." Wani dogon jeri ne da Faransanci da ake ta turawa a WhatsApp, wai kurakuran kimiyya da saɓanin da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Ya ce kafin ya kawo mini ya nuna wa wani dattijon ikilisiya, dattijon ya ce masa shaiɗan ne ke neman ƙofar zuciyarsa, ya je ya yi addu'a da azumi.

Amsar dattijon ta fi jerin ɓata mini rai. Yaron da ke karatun kimiyya, wanda aka koya wa ya gwada abu kafin ya yarda da shi, in ya kawo tambaya aka kore shi da tsawa, abin da zai ɗauka shi ne ba mu da amsa. Alhali Manzo Bitrus ya umarce mu a wasiƙarsa ta fari, 3:15, mu zauna a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, cikin tawali'u da girmamawa. Ra'ayina shi ne yawancin zarge-zargen nan sun samo asali daga neman Littafin ya yi magana da irin harshen da babu ɗan Adam da ke yi a gida ko a kasuwa. Kaɗan daga cikinsu kuma gaskiya ne, kuma wajibi ne mu faɗi hakan da bakinmu.

Na farko a jerin shi ne jemage. Littafin Firistoci 11:13-19 ya lissafa tsuntsayen da ba a ci, ya rufe da jemage, ga shi kuwa jemage haihuwa yake yi yana shayarwa. Kalmar Ibraniyanci da aka fassara da "tsuntsu" a wurin tana nufin duk mai fiffike da ke tashi, shi ya sa a aya ta 20 aka sake amfani da ita ga ƙwari masu tashi, dangin fara. Rabon halittu zuwa masu shayarwa da sauransu, yadda ake koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, yau, aikin wani masani ɗan Suwidin ne, Linnaeus, a 1758. Ka je bakin Binuwai ka tambayi masunci abin da ke cikin ruwa, zai jero maka kifi da kada da dorina da ayu a numfashi ɗaya. Bai jahilci cewa dorina na shayarwa ba. Ya raba su ne bisa inda suke zama, kamar yadda dokar ta raba su bisa yadda suke tafiya, don makiyayi ya san abin da zai ci da wanda zai bari.

Da muka zo kan tafkin tagulla na Sulemanu, wato ƙaton kwanon ruwa mai da'ira da aka ƙera masa domin Haikali, yaron ya gyara zama, domin nan fagensa ne. A 1 Sarakuna 7:23 an ce faɗinsa kamu 10, kewayensa kamu 30. Ɗalibin lissafi ya san sai an ninka faɗi da 3.14 ake samun kewaye, wato ya kamata a ce kamu 31 da ɗoriya. Na sa ya ɗauko igiyar shanya, ya auna bakin randar da ke gindin bishiya da kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ni ma na auna da nawa. Ba mu sami abu ɗaya ba, don hannunsa ya fi nawa tsawo. Kamu ma'aunin jiki ne, mai auna da shi yana cike lissafi zuwa adadi mafi kusa. In faɗin tafkin kamu 9.6 ne, kewayensa zai kama 30.2, kuma duk mai hankali 10 da 30 zai rubuta. Aya ta 26 ta ƙara da cewa kaurinsa tafin hannu ne, bakinsa a buɗe kamar fure, saboda haka awon baki da awon ciki ba za su zo ɗaya ba.

Mu nan mun fi kowa sanin cewa adadi yana da harshensa. Baƙo ya tambayi kuɗin ƙullin gyaɗa a babbar kasuwa, mai talla ta ce dala ashirin, yaron da ke gefe ya ce masa sefa 100. In baƙon ya rubuta a littafinsa cewa mutanen Garwa ba su san farashin kayansu ba, shi ne bai san ƙirgenmu ba. Haka ƙwayar mustad da Yesu ya kira mafi ƙanƙanta cikin iri a Markus 4:31. Da manoman Galili yake magana a kan irin da suke shukawa da hannunsu, kamar yadda Bahaushe ke cewa ƙwayar zarra ba tare da ya je ɗakin gwaje-gwaje ba. Kuma har gobe malamin kimiyya da kansa "rana ta faɗi" yake cewa in magariba ta yi.

Batun rana ya kai mu ga inda mu Kirista muke da laifi. A 1633 kotun Cocin Katolika ta hukunta Galileo saboda ya ce duniya ce ke kewaya rana, aka kafa hujja da ayoyi irin na Joshuwa sura 10, inda aka ce rana ta tsaya cik. Galileo ne ke da gaskiya, kuma a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya amsa cewa an yi kuskure. Abin takaici shi ne an riga an yi gargaɗi fiye da shekara dubu kafin nan, kuma ɗan Afirka ne ya yi shi. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta a sharhinsa na Littafin Farawa cewa sau da yawa wanda ba Kirista ba ya san al'amuran sama da ƙasa da taurari ta hanyar bincike, kuma abin kunya ne ya ji Kirista yana shirme a kansu da sunan Nassi, domin daga nan zai raina Littafin gaba ɗaya. Shi ya sa nake jin tsoron masu wa'azin da ke kiran Littafi Mai Tsarki littafin kimiyya, suna tono lantarki da jirgin sama daga cikin annabawa. Su da masu shakka kuskure ɗaya suke yi, kowa na karanta waƙa da misali kamar darasin aji. Farawa ta zo ta gaya wa mutanen da maƙwabtansu ke bauta wa rana da wata cewa waɗannan fitilu ne kawai, akwai wanda ya rataye su. Wanda kuma ya fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga mafari guda, a 1927 da 1931, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, kuma shi kansa ya ƙi a mai da lissafinsa hujjar wa'azi.

Saɓanin da ke tsakanin Linjila huɗu shi ne ya fi cika jerin. Matiyu ya ambaci mala'ika ɗaya a kabarin Yesu, Markus saurayi ɗaya mai fararen kaya, Luka da Yahaya biyu. In aka ce Lamido ya halarci ɗaurin aure, wa zai ɗauka shi kaɗai ya zo ba fadawa? Mai ba da labari yakan ambaci wanda ya yi magana ya bar na gefensa. Rubutun da aka kafa kan gicciye ma kalmominsa sun bambanta a wurare huɗun, amma duk suna da "Sarkin Yahudawa", kuma Yahaya 19:20 ya ce da harsuna uku aka rubuta shi. Mutuwar Yahuza, almajirin da ya ba da Yesu, ta fi waɗannan nauyi: Matiyu 27:5 ya ce ya rataye kansa, Ayyukan Manzanni 1:18 ya ce ya faɗi cikinsa ya fashe. Tun dā masu sharhi ke cewa gawar ce ta faɗo bayan ratayar. Hakan na iya yiwuwa, sai dai Nassi bai faɗa ba, don haka kada mu rantse a kai. Abin da marubutan biyu suka haɗu a kai shi ne kuɗin cin amana, da filin da aka saya da su har ake kiransa Filin Jini, da mummunan ƙarshe.

Akwai abin da masu tura jerin ba sa faɗa. Ikilisiya ta ga waɗannan bambance-bambance tun farko, har ta sami damar share su. Wajen shekara ta 170 wani malami mai suna Tatiyan ya narkar da Linjila huɗun ya mai da su labari ɗaya sumul, aka yi ta karanta shi a majami'un Siriya. A ƙarni na biyar shugabannin ikilisiya suka janye shi suka mayar da huɗun yadda suke. Mai shirin yaudara shaidunsa yake haɗawa su daidaita baki kafin a shiga gaban alƙali. Waɗannan kuwa sun zaɓi su bar kowane mai shaida da muryarsa.

Na yi murmushi da na ga Karin Magana 26:4-5 a jerin. Aya ta 4 ta ce kada ka amsa wa wawa bisa wautarsa, ta 5 ta ce ka amsa masa. Suna manne da juna, to marubucin bai gani ba ne? Mu ma muna cewa mai nema yana tare da samu, mu juya mu ce zafin nema ba ya kawo samu, babu wanda ya taɓa cewa kakanninmu sun ruɗe. Kowace da lokacinta.

Sai muka iso inda na ce masa, "Nan kam sun yi gaskiya." A 2 Sarakuna 8:26 Ahaziya, sarkin Yahuza, yana da shekara 22 da ya hau sarauta, a 2 Tarihi 22:2 kuwa rubutun Ibraniyanci ya ce 42. Ubansa Yehoram ya hau yana da 32, ya yi shekara 8 ya rasu, wato yana da 40. Ɗa ba ya girmi ubansa. Kuskuren mai kwafa ne, kuma wasu tsofaffin kwafin Girkanci da na Siriyanci suna da 22. Haka ɗakunan dawakin Sulemanu, 40,000 a 1 Sarakuna 4:26, 4,000 a 2 Tarihi 9:25. Duk wanda ya taɓa kwafar darasi daga allo da fitilar ƙwai ya san yadda ido ke tsallake layi. Da hannu aka yi ta kwafar littattafan nan ɗaruruwan shekaru kafin injin ɗab'i. Abin lura shi ne da Littafin kansa muka gano kuskuren, kuma masu kwafar da suka biyo baya sun gan shi, tsoron taɓa Nassi ya hana su gyarawa. Kwafin Sabon Alkawari na Girkanci da ke hannu sun haura 5,800, da kwatanta su ne aka san cewa Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11 babu su a mafi tsufa. Fassarori da yawa na yanzu sun rubuta haka a ƙasan shafi, kowa na iya gani. Da aka gano naɗaɗɗun littattafan Kumran, a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri, a 1947, aka sami Ishaya cikakke wanda ya girmi kwafin Ibraniyanci da ake dogaro da su da kimanin shekara 1,000, bambancin da aka tarar galibinsa na haruffa ne da ƙananan kalmomi.

Wani abu kuma da na roƙi yaron. Na san samarinmu na ramawa da irin wannan jeri a kan littafin maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya, muke zuwa suna da jana'izar juna. Wanda ke neman a karanta nasa da adalci, a duba harshe da zamani da abin da ke gaba da bayan aya, ba shi da bakin tsinto rabin ayar wani ya yi ta yawo da ita.

Dare ya yi nisa da muka kai Luka 2:2, ƙidayar da aka yi a zamanin Kiriniyus, gwamnan Siriya, wadda Luka ya ce a lokacinta aka haifi Yesu. Masanin tarihin Yahudawa, Yosifus, ya sa ƙidayar Kiriniyus a shekara ta 6 Miladiyya, Sarki Hirudus kuwa, wanda Matiyu ya ce a zamaninsa aka haifi Yesu, ya mutu wajen shekara 10 kafin nan. Wasu malamai sun ce ana iya fassara jimlar Girkancin da "kafin Kiriniyus ya zama gwamna", wasu sun ce ya riƙe wani muƙami a yankin tun da farko, wasu kuma, har da Kirista masu bi, sun ce Luka ne ya haɗa lokuta biyu. Har yau ana kai ruwa rana a kai. Na shimfiɗa masa ukun yadda suke, na gaya masa bangaskiyata a kan mutuwar Yesu da tashinsa take, abin da Linjila huɗun suka faɗa da baki ɗaya. Ya ɗauko biro ya rubuta ayar a bayan littafinsa, ya ce in ya koma Ngaundere zai nemi wanda ya iya Girkanci su duba jimlar tare.