Ba tuwo kaɗai ke kayar da mu bayan azahar ba

Jiya wajen ƙarfe 2 na rana na ratsa babbar kasuwa, na tarar da wani maigida yana ta yi wa yaron shagonsa faɗa, wai ya same shi yana gyangyaɗi a kan buhun shinkafa. "Kai da ka ci ka ƙoshi sai barci, rago kawai!" Da na dawo bayan rabin awa, maigidan ne da kansa ya jingina da bango, hula ta karkace, baki buɗe. Ban tashe shi ba.

Mun saba cewa in an ci abinci jini ne ke barin kai ya gangara ciki, shi ya sa barci ke kama mu. Gaskiya ne jini yana ƙaruwa a hanji bayan an ci abinci, amma ƙwaƙwalwa ba ta yarda a taɓa rabonta. Kuma in abinci ne kaɗai mai laifi, me ke kwantar da mu a masallaci bayan azahar cikin watan azumi, ciki ba komai? Jikin ɗan Adam yana da agogonsa. Tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana kuzari yakan sauka, ko ka ci ko ba ka ci ba. Abinci zuwa yake ya tarar da kai ka riga ka sunkuya, sai ya tura ka.

Amma turin ya danganta da abin da ke cikin kwano. Yawancinmu a nan Maraɗi mukan fita da safe da shayi da guntun burodi, sai rana ta raba mu rama da farar shinkafa ko taliya, mai yana ninƙaya a kai, a kora da lemun kwalba. Sukari ya hau cikin jini da gudu, jiki ya sako sinadarin insulin ya kwashe shi. Akwai wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin oreksin, wanda ke riƙe mutum a farke. In sukari ya yi yawa sai su lafa. Maiƙo kuma yana daɗewa a ciki, hanji yana aika saƙon a dakata a huta. Ɗora wa wannan zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Wanda ya sha hura da nono daidai ciki, ko ya ci kopto (kwaɗon ganye) da ɗan wake, ba ya faɗuwa irin wannan faɗuwar, don gero da wake da ganye a hankali suke narkewa. Hura mai sukari cokali biyar kam ba ta cikin lissafi.

Ni dai inda na fi ɗora laifi shi ne dare. A zauna fada har ƙarfe 1, ana zagayen shayi na farko, na biyu, na uku, ana latsa waya. A kwanta, a ɗauke wuta, sauro ya karɓi aiki, a tashi asuba. Kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi mai hana barci, sai ya yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wannan bashin barci ne, kuma bayan azahar yake zuwa karɓa. Sai mu sake ɗora buta a wuta don mu kore shi, ga shi shayi a kan abinci yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi.

Wanda kasalar ta zame masa kullum, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama, ko fari a cikin ido da haki, don Allah ya je asibiti a auna sukari da yawan jini. In awon sukari na safe kafin a ci komai ya kai giram 1,26 a litar jini har sau biyu, ciwon sukari ne, ba lalaci ba.

A shagona yanzu yara biyu suna kailula bi da bi, minti 20 kowa, bayan salla. Nawa layin na ƙarshe ne, kuma su ke tashe ni.